Wa ke ɗora ɗan ƙauye kan kujerar majalisa a arewacin Kamaru?

Ranar Lahadi 6 ga Disamba, 2020, ina ƙauyen dangin mahaifiyata, tafiyar awa guda da ɗoriya a babur daga Garwa. Lokacin ɗibar auduga ne, gari duk ya watse gona. Da hantsi sai ga Kawu, yayan mahaifiyata, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, katin zaɓensa na cikin 'yar leda tare da katin ɗan ƙasa.

Ya ce, "Kai ɗan nan, rediyo ta ce yau zaɓe. Na je makaranta na tarar da ita a garƙame. Ina suka kai akwatin?"

Na ce, "Kawu, wannan ba namu ba ne. Kansiloli ne ke jefawa, sai su lamiɗo da lawanai da jauro."

Ya ɗan yi jim. "Kansilolin da muka zaɓa kafin azumi?"

"Su, Kawu."

"Ashe tun ran nan aka gama."

Ya tuɓe rigar, ya rataye ta a ƙusa, ya ɗauki buhu ya bi 'ya'yansa gona. Kawu bai taɓa zama a aji ba, amma da kalma shida ya warware abin da 'yan boko ke ta cika shafukan jaridu a kai. A ƙasar nan, ɗan ƙauyen da ya zama ɗan majalisa, daga sama ake ɗaga shi, daga ƙasa kuma ake cajinsa. Wanda ya ɗora shi daban, wanda yake binsa bashi daban. Duk wanda bai gane wannan ba zai yi ta zagin mutumin da ba shi da mabuɗin, ya bar mai mabuɗin yana shan inuwa.

Sai mun fara raba tsaki da tsakuwa, don a ƙauye duk wanda ya fito daga mota mai baƙin gilashi sanye da atamfar jam'iyya "Onorabul" ake ce masa. Alhali hawa huɗu ne. Can ƙasa akwai kansila. Kamaru na da ƙananan hukumomi 360, kowacce da kansiloli daga 25 zuwa 61 gwargwadon yawan jama'arta, su ne kuma ke fitar da mer, wato magajin gari, daga cikinsu. Sai depite, ɗan majalisar dokoki ta ƙasa. Su 180 ne, 51 daga jihohinmu uku na arewa: Arewa Mai Nisa 29, Arewa 12, Adamawa 10. Waɗannan biyun ne kaɗai talaka ke zuwa da ƙafarsa ya zaɓi takardar jam'iyyarsu ya saka a ambulan. Sanata ba ruwansa da layin talaka: cikin 100, shugaban ƙasa ne ke naɗa 30, sauran 70 kansiloli da 'yan majalisun jihohi ne ke zaɓensu, kuma sai a 2013 aka fara kafa majalisar tasu. Na huɗu shi ne ɗan autan, ɗan majalisar jiha, wanda ya sa Kawu ya sha riga a banza.

Tsarin mulkin 18 ga Janairu, 1996, shi ya yi alƙawarin majalisun jihohi. Yaron da aka haifa ranar da aka sa wa takardar hannu ya yi aure har ya haihu kafin a cika alƙawarin. Da aka tashi, kowace jiha cikin goma ta samu kujera 90: 70 na wakilan gundumomi, waɗanda kansiloli ke zaɓa, 20 na masu sarauta, waɗanda 'yan uwansu masu rawani ke zaɓa. Saboda haka duk jam'iyyar da ta kwashe kansiloli a zaɓen 9 ga Fabrairu, 2020, ta riga ta ci na Disamba tana kwance. RDPC mai mulki ta ɗauki jiha tara. UNDP ta Bello Bouba Maigari ta ɗauki Adamawa, kuma ko wannan bai zo da mamaki ba ga wanda ya ƙirga kansilolin da ta samu can tun Fabrairu. Jam'iyyun adawa na MRC da SDF ba su shiga ba ma.

To amma ko zaɓen da talaka ke yi da hannunsa, ba mutum yake zaɓa ba. Jeri yake zaɓa. Jam'iyya ce ke rubuto sunaye daga na ɗaya har na ƙarshe, kai kuma ka ɗauka duka ko ka bari duka. Jerin da ya haura rabin ƙuri'u ya kwashe kujerun baki ɗaya. Ko da abokin hamayya ya samu kashi 45 cikin ɗari, hannu rabbana zai koma gida. In ba wanda ya haura rabi, na gaba ya ɗauki rabin kujerun, sauran a raba bisa yawan ƙuri'u tsakanin jerin da suka kai kashi 5. Ba kuma a tsayawa takarar kansila ko depite ba tare da jam'iyya ba. Idan haka ne, yaƙin gaskiya ba ranar zaɓe ake yinsa ba. Ana yinsa ne makonni kafin nan, a falon wani babba, ranar da ake rubuta jerin. A RDPC maganar ƙarshe ta kwamitin tsakiya ce a Yawunde. Na san mutumin da ƙauyuka suka yi masa rakiya da ganguna ya kai takardunsa, aka wayi gari sunansa ya ɓace, aka sa na wani da rabonsa da garin tun rasuwar mahaifinsa.

Yaya ɗan ƙauye ke kaiwa ga wannan jerin? Hanyar kusan ɗaya ce, in ka ga ta mutum biyar ka ga ta hamsin. Da farko sai ya iya karatu da rubutu da Faransanci ko Ingilishi, haka dokar zaɓe ta 2012 ta ce, sannan ya cika shekara 23. Wannan sharaɗin kaɗai ya tankaɗe mutane da yawa a yankin da aka daɗe ana gudun boko. Alhajin da ke loda albasa daga Marwa zuwa Duwala, wanda ke riƙe lissafin miliyoyi a ka, ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, yakan koma gefe ya zama mai ɗaukar nauyi, ya tura ƙanensa da ya yi lise, wato sakandare. Shi ya sa akasarin waɗanda ke fitowa daga karkara tsofaffin malaman makaranta ne, ko ma'aikatan asibiti, ko malaman gona da suka yi aiki da kamfanin SODECOTON a ƙasar auduga ko na SEMRY a ƙasar shinkafa ta Yagwa da Maga. Mutane ne da suka saba cika wa jama'a takarda. Daga nan sai ƙungiyar raya ƙauye, wadda ke taro sau ɗaya a shekara a tara kuɗin aji ko rijiya. Wanda ya riƙe mata sakatare shekara biyar ba a kama shi da cin kuɗi ba, ya fara suna. Sai matakan jam'iyya, daga ƙaramin reshe na unguwa har zuwa shugabancin babban reshe. Sai ranakun da ba a fashi: 24 ga Maris na tunawa da kafa RDPC a Bamenda a 1985, 20 ga Mayu na faretin ƙasa, 6 ga Nuwamba na hawan Paul Biya mulki a 1982. A irin waɗannan ranaku ake ganin wanda ya iya cika fili da mata masu anko da 'yan babur, ake kuma karanta takardar mubaya'a da sunayen masu sa hannu. Kuɗin ajiya na takarar kansila sefa dubu 50 ne, na depite miliyan guda. Amma wannan shi ne mafi arha cikin abin da zai kashe.

Akwai ƙofar da ba ta cikin kowace doka, kuma wanda bai bi ta cikinta ba ya sha wuya: ƙofar fada. Dokar 15 ga Yuli, 1977, ta kasa masu sarauta hawa uku ta mai da su mataimakan hukuma, a 2013 kuma aka yanka musu alawus na wata, dubu 200 ga mai daraja ta ɗaya, dubu 100 ga ta biyu, dubu 50 ga ta uku. Lamiɗo ne ke da lawanai, lawan ke da jauro ko bulama, jauro ne ya san wanda ya ba aron gona da wanda zai iya karɓe wa. Manomin da gonarsa ke hannun jauro ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan inda iska ke kaɗawa. Ba duk fada ce ke da irin wannan ƙarfin ba. A cikin Garwa ko Marwa matasa sukan gaida lamiɗo da hannu biyu su je su zaɓi abin da ransu ke so. Amma a wasu wuraren maganar ta wuce ta lallashi. A Mayo-Rai, ƙasar Rai-Buba, wani depite na UNDP, Haman Adama Daouda, ya rasu a farkon 1996 bayan dukan da ya sha lokacin yaƙin neman zaɓen ƙananan hukumomi, ƙungiyar Amnesty kuma ta ɗora alhakin a kan dogaran lamiɗon wancan zamani. Lamiɗon da ya hau gadon sarautar daga baya, Aboubakary Abdoulaye, ya shiga majalisar dattawa tun kafuwarta a matsayin mataimakin shugaba na farko. Yanzu da aka ware wa masu rawani kujera 20 a kowace majalisar jiha, ɗan talakan da ya zama ɗan majalisa yakan tarar da sarkin garinsu zaune a layin gabansa. Ka ce ya tashi ya ƙi abin da sarki ya amince da shi, alhali gobe da safe zai cire takalmi a ƙofar fadarsa?

Wanda duk ke son ganin inda wannan tsani ke iya kaiwa, ya dubi Cavaye Yeguie Djibril. An haife shi a 1940 a Mada, cikin Tokombere, gindin duwatsun Mandara a gundumar Mayo-Sava. Malamin motsa jiki ne a Marwa. A 1970 ya shiga majalisar dokokin Kamaru ta Gabas, lokacin ƙasar na tarayya mai ɓangare biyu, ka ga ke nan shi ma daga majalisar yanki ya fara. A 1971 ya zama sarkin Mada, ya haɗa rawani da kujera. Da aka rushe tarayya da ƙuri'ar 20 ga Mayu, 1972, sai ya wuce majalisar ƙasa a 1973. Ya yi zamanin shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahijo, da jam'iyya ɗaya, ya ga saukarsa a 1982, ya ga yadda aka tsaga tsohuwar Arewa gida uku a 1983, ya tsallake guguwar da ta biyo bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilu, 1984, wadda ta ci 'yan arewa da dama. A 1988 ya bar majalisa. A 1992 ya dawo, aka ba shi shugabancinta, ya riƙe fiye da shekara talatin.

Me ya faru a 1992? Wannan shi ne wurin da ya kamata a tsaya. A zaɓen watan Maris na shekarar, na farko bayan dawowar jam'iyyu da yawa, RDPC ta samu kujera 88 kacal cikin 180. UNDP ta samu 68, mafi yawansu daga arewa da yankunan da SDF ta ƙaurace wa zaɓe. UPC 18. Sai MDR ta Dakole Daissala, ɗan ƙabilar Tuburi da ya yi shekara bakwai a tsare bayan 1984 ba a yanke masa hukunci ba, da kujera 6. Waɗannan shidan ne suka cika wa Biya rinjaye. Gwamnati ta ga cewa a arewa Fulani da Hausawa da yawa sun bi Bello Bouba, don haka ta juya ga al'ummomin duwatsu da na bakin kogin Logon, waɗanda suka daɗe suna jin an danne su a zamanin Ahijo. A daidai wannan lokaci kujerar firaminista ta bar hannun Sadou Hayatou ɗan Garwa ta koma hannun Simon Achidi Achu daga yankin masu Ingilishi, shugabancin majalisa kuma, da ya daɗe a hannun masu Ingilishi, ya dawo Arewa Mai Nisa. Musaya aka yi. Ba na rage wa dattijon wayonsa, don zama shekara talatin a kujera ɗaya a Yawunde ba aikin rago ba ne. Amma abin da ya ɗaga shi lissafin rabon ƙasa ne da aka yi a fadar shugaban ƙasa, ba yawan rijiyoyin da aka haƙa a Tokombere ba. Duk ƙaramin ɗan siyasa a yankinmu ya karanta wannan darasin, ya kuma haddace.

Mu sauko ƙasa, wurin masu ƙananan kujeru, don su ne suka fi yawa kuma su muke gani.

Akwai wani abokin mahaifina, tsohon shugaban makarantar firamare, da ya samu shiga majalisar jiha. Na kwana gidansa sau ɗaya a ƙauye. Kafin a idar da azkar na asuba takalma sun cika ƙofar zaure. Yana zaune kan buzu da ƙaramin littafi da biro, butar shayi na gefe. Ta farko wata tsohuwa ce, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta miƙo takardar magani da ta yi laushi don ninki. "Ranka ya daɗe, jikata ce, kwana uku ke nan." Ya karanta, ya zaro jaka biyar, wato sefa dubu biyar, daga aljihun gaba, ya ce, "Inna, a sayi na sama guda biyun tukuna, Allah ya ba ta lafiya." Na biyu magidanci ne da yara uku da za su zauna jarrabawar gama firamare, ba ko ɗaya mai takardar haihuwa, sai an bi ta kotu. Ya rubuta sunayensu. Sai saurayin da aka kama wa babur. Sai dattawa huɗu da suka zo kan shanun da suka shiga gonar auduga ba a gama ɗiba ba, maganar da ta jauro ce da sufurefe, jami'in mulki na gwamnati a yankin, amma sun fi so a ce da bakinsa aka fara. Na ƙarshe tawaga ce daga hayin mayo, wato tsallaken rafi, kan gadar da suke roƙo tun ina yaro; da damina in ruwa ya sauko, mai naƙuda sai dai a ɗauke ta a kan gadon kara a jira ya janye.

Wajen ƙarfe tara ya ga bayan mutane, shayinsa ya huce. Ya ce da ni, "Ɗana, a Garwa ni ɗan ƙauye ne mai roƙo. A nan kuma ni ne gwamnati." Daga baya na ji a bakin uwargidansa cewa bijimi biyu ya sayar a shekarar, ba don biki ba, don wannan zauren.

Cikin duk abin da aka kawo masa, ba ko ɗaya da doka ta sa a hannunsa. Ɗan majalisar jiha ba shi da albashi irin na depite. Alawus ɗin zama ne da kuɗin hanya, majalisar kuma sau ɗaya take zaman yau da kullum a wata uku. Dokar 24 ga Disamba, 2019, ta ba jihohi kula da makarantun sakandare da manyan asibitocin yanki da wasu hanyoyi, ta bar firamare da ƙananan asibitoci da rijiyoyi da kasuwanni ga ƙananan hukumomi. Ta kuma ce kason da za a riƙa sakar wa waɗannan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. A takarda ke nan. Da aka fara aiki, sefa biliyan 3 aka ware wa kowace jiha. A kunne kuɗi ne mai yawa. Amma Arewa Mai Nisa na da gunduma shida da ƙananan hukumomi 47, kuma tun ƙidayar 2005 mutanenta sun haura miliyan uku. Raba ka gani: ko jaka guda ba ta kai kan kowane mutum ba a shekara. Jihar Kudu, da a ƙidayar nan ba ta kai mutum dubu 700 ba, ita ma biliyan ukun aka ba ta. Wannan a jihar da Boko Haram ta tarwatsa ƙauyukan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari tun 2014, inda rikicin ruwa tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa ya kora dubban mutane zuwa Chadi a Disambar 2021, inda ambaliyar 2024 ta cinye unguwanni a Yagwa. Kuma ko wannan ɗan kuɗin, kasafinsa sai gwamna ya amince, gwamnan da shugaban ƙasa ya naɗa. Babban sakataren majalisar ma daga can ake naɗo shi.

Depite ya fi shi maiƙo, amma shi ma ba kamar yadda ake zato ba. An saba ba shi miliyan 8 a shekara na ƙananan ayyuka. A mazaɓar da ke da ƙauyuka ɗari, wannan bencina ne da buhunan siminti da ƙwallo da riguna na gasar hutun 'yan makaranta, sai wataƙila rijiyar burtsatse guda da za a rubuta sunansa a jiki da fenti. Zaman majalisa sau uku ne a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kowanne kwana talatin, kuma kusan duk dokar da ake zartarwa daga gwamnati take fitowa. Da RDPC ke da kujera 152 bayan zaɓen 2020, ba a bukatar muryar wani ɗan ƙauye don doka ta wuce. Hannunsa kawai ake so ya ɗaga. Tsarin mulki ma cewa ya yi kowane depite wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ba ɗan aiken mazaɓarsa ba. Je ka faɗa wa mutanen hayin mayo haka.

Ina kuɗin yake, to? Yana cikin kasafin ayyukan gwamnati, wanda ma'aikatu ke tsarawa a Yawunde. Hanya irin ta Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, da direbobi suka shekara da shekaru suna kuka da ita, ba a majalisar jiha ake yanke ta ba. Ko mer, da ake sakar wa ƙaramar hukumarsa miliyan 100 na ayyuka a shekara tun 2019, ya fi ɗan majalisar jiha abin nunawa. Saboda haka gwanintar ɗan majalisar karkara ba a iya magana a zauren majalisa take ba. Tana ga sanin wane ɗan yankin ne darakta a wace ma'aikata, wane minista ne zai ɗaga wayarsa, wane ofis ne za a kai wa rago da salla. Wanda ke da ubangida mai ƙarfi sai ka ga aji biyu da ɗakin haihuwa sun faɗo ƙauyensu. Ranar da aka sauke ubangidan, shi ma ya fara haɗa kayansa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski: ranar da aka ce a fito a yi godiya, ko a yi shiru kan wata ɓarna, ba shi da ta cewa.

Kada a ɗauka wanke su nake yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, gaskiya ne, amma wannan kurar ita ma da haƙoranta. Laifinsu babba a wurina shi ne ba sa taɓa faɗa wa jama'a iyakar ikonsu. Abokin mahaifin nan nawa bai ce wa mutanen hayin mayo gadar ta fi ƙarfinsa ba. Cewa ya yi, "Maganar tana sama, ku ƙara haƙuri." Don ya san ranar da suka gane ba shi da mabuɗi, takalman ƙofar zaure za su ragu, kuma da yawan takalman nan ne jam'iyya ke auna ko ya cancanci a sake sa shi a jeri. Haka kowa ke riƙe da ƙaryar ɗan uwansa. Wasu kuma, mun gani da idonmu, daga samun kujera sai gida a Garwa, sai ƙarin mata, sai lambar waya ta canza.

Mu Hausawa muna da tamu matsalar a cikin wannan lissafi. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan tun ƙarni na 19, bayan jihadin Modibbo Adama, da fataucin goro da fata da tufafi da malanta, suka zauna a Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo da Marwa. Je ka fadar kowane lamiɗo ka ji sarautun: Galadima, Sarkin Fada, Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu. Duk da haka tsarin mulki ya ce shugaban majalisar jiha sai ɗan asalin jihar, dokar 2019 ta faɗi haka kan magajin babban birni, ba tare da an fayyace shekara nawa zuri'a za ta yi a wuri kafin ta zama 'yar asali ba. A gefe guda dokar zaɓe ta ce kowane jeri ya nuna al'ummomin da ke mazaɓar, ya kuma sa mata. Wannan ya buɗe mana ƙofa, amma ƙarama: akan nemo Bahaushe ɗaya, galibi ta hannun Sarkin Hausawa, a sa shi can ƙasan jeri don lissafi ya cika. Matan ma sau da yawa haka ake yi musu. Kujera ce, ba a raina ta, sai dai mai ita ya san ba ƙarfinsa ne ya kawo shi ba, don haka ba ya ɗaga murya.

Shekarar 2025 ta nuna tsagar da ke jikin ginin. A watan Yuni Issa Tchiroma Bakary na FSNC da Bello Bouba suka raba gari da gwamnatin da suka daɗe a cikinta, kowanne ya tsaya takarar shugaban ƙasa. A zaɓen 12 ga Oktoba sakamakon hukuma ya ba Biya kashi 53.66, Tchiroma 35.19, Tchiroma ya ce shi ya ci, Garwa ta yi kwanaki ba barci. Ƙananan 'yan majalisa na jam'iyya mai mulki suka shiga tsaka mai wuya: na sama na tambayarsu ina ƙuri'un da suka yi alƙawari, 'ya'yan cikinsu kuma na can cikin masu zanga-zanga. Amma kujerunsu ba su motsa ba. Tun 2024 an riga an tsawaita wa'adin depitoci da kansiloli zuwa 2026. Kansilolin nan dai da Kawu ya zaɓa kafin azumin 2020, su suka zaɓi majalisun jihohi a Disambar shekarar, su da 'yan majalisun jihohin suka zaɓi sanatoci a Maris 2023 inda RDPC ta kwashe duka 70, su ne kuma aka sake kira ranar 30 ga Nuwamba, 2025, suka zaɓi sababbin majalisun jihohi na wata shekara biyar. Takarda ɗaya da ya saka a ambulan ta yi aiki sau huɗu, sau uku ba ya wurin.

Na kira shi a waya bayan wannan, ta lambar ɗansa, don shi ba ya riƙe waya. Muka gaisa, ya ba ni labarin auduga da tsadar taki, ya ce gadar hayin mayo har yanzu tana sama. Sannan ya tambaye ni yaushe ne na kansilolin. Na ce an ɗaga, Kawu, sai an sa rana.

Ya ce, "To in an sa ka faɗa mini da wuri. Kada in sake sa riga a banza."